Tafiya Mabuɗin Ilimi: Na Kai Yaro Kano Cikin Hunturu

A wannan mako zan ɗan jingine zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi daga unguwarmu ta Bagadaza a cikin garin Gombe zuwa birnin Kano, ni da wani yaro na gidana mai shekara takwas, a tsakiyar sanyin hunturu. Ba zan ambaci sunansa ba, gama ɗan fari ne, kun kuwa san halinmu mutanen Gombe game da wannan kunya.

Abin da ya jawo tafiyar ƙarami ne, amma ya hana ni barci. Wata rana da dare na dawo daga ofis, na tarar da yaron riƙe da wayar mahaifiyarsa, yana nuna wa ƙannensa dogon benen nan na Dubai, yana faɗin sunansa ba gargada. Na ji daɗi, sai na ce bari in gwada shi. Na ce, "To, malam mai ilimi, mene ne Dala?" Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Baba, ba kuɗin Amurka ba ne?" Duk gida aka fashe da dariya, har da ni. Amma da na kwanta sai dariyar ta koma tunani. Yaro Bahaushen baki, jikan Fulani, ya san benen Larabawa, bai san dutsen da tarihin babban birnin ƙasar Hausa ya faro daga gindinsa ba. Laifin wa? Ba na malaminsa ba ne, ba kuma na waya ba. Nawa ne. A daren na ƙudura cewa da zarar an yi hutun makaranta na watan Disamba, zan ɗauke shi mu tafi Kano, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Da na kai maganar wurin mahaifiyata, sai ta riƙe baki. Ta ce, "Kai yanzu ba ka jin kunya, ka riƙe hannun ɗan fari kuna yawo a gari kamar abokai? Kuma cikin wannan muku-muku? In ya dawo mini da tari, kai da Allah." Na ce, "Inna, ki yi mana addu'a dai." Ta yi, amma sai da ta cusa mana gwangwanin man kaɗanya a jaka, ta kuma sa aka ɗaura wa yaron riga uku, ɗaya bisa ɗaya. A ran nan na ɗauka tsoron tsofaffi ne kurum. Kafin mu dawo na gane ta fi ni sanin hunturu.

Mun isa tasha bayan sallar asuba. Iska tana kaɗawa kamar ana yanka kunne da reza, hazo ya rufe fitilun titi, masu shayi kaɗai ke cin kasuwa. A gefen tasha ga wasu almajirai sun kewaye wutar kara da tsummokara, waɗansunsu ba su kai yaron nawa ba, daga su sai 'yar shara, ƙafafu duk faso. Yaron ya tsaya yana kallonsu, sa'an nan ya dubi rigunansa uku, ya ce, "Baba, su ina rigunansu?" Na ce masa shiga mota, za mu yi maganar a hanya. Gaskiyar magana ita ce ba ni da amsa, kuma har muka dawo ban samo ta ba.

Muka bi ta Dukku, muka haye kogin Gongola, muka wuce Darazo da Birnin Kudu da Wudil. Duk tsawon hanya direba bai kashe fitila ba, domin wani wurin ba ka hangen motar da ke gabanka sai kun kusa haɗuwa. Yaron ya tambaye ni ko hayaƙi ne. Na ce ƙura ce, kuma baƙuwa ce irinmu. Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Mafi yawan ƙurar da take kwasowa daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin dā can ruwan babban tafki ya kwanta, ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Masana sun tabbatar wani kashi na ƙurar nan yakan ƙetare tekun Atilantika har ya sauka a Amurka ta Kudu. Yaron ya ce, "Ashe ƙurar ma ta fi mu yawo." Fasinjoji suka yi dariya, wani dattijo a kujerar baya ya miƙo masa dabino.

Mun sauka wurin wani ɗan'uwa, muka kwana. Washegari na yi kuskuren farko. Saboda zumuɗi na tashe shi da sassafe, muka hau adaidaita sahu zuwa Dala, wai mu riga rana. A irin wannan lokaci sanyin safiya a Kano yakan sauko wajen digiri 13, wani lokaci ma ƙasa da haka, ga shi adaidaita ba ta da ƙofa. Kafin mu isa haƙoransa na kaɗawa. Muka hau matakalar dutsen, yana ƙirgawa yana haki, ni ina biye da shi ina ba shi labarin yadda zai ga birni duka a tafin hannunsa. Da muka kai ƙololuwa, sai ga fari fat ko'ina. Ba Goron Dutse, ba hasumiyar masallaci, sai rufin gidajen da ke gindin dutsen kawai. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya ce, "Baba, ina Kanon?"

Ba yadda zan yi, sai muka samu wuri muka zauna, na rufa masa mayafina, na ce tun da ido ya kasa, bari kunne ya yi aiki. Na ba shi labarin mutanen farko da suka zauna a nan saboda tamar da suke haƙa suna narkawa suna ƙira, da Barbushe wanda ya shugabance su wajen bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci, da Bagauda wanda littafin tarihin Kano ya ce ya zama sarki a shekarar 999. Na gaya masa yadda Wangarawa suka zo daga Mali da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Na ƙara masa da cewa wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya hau wannan dutse da muke kai, ya zana hoton birnin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa wajen dubu 30. Yau unguwa ɗaya ta Kano ta fi haka. Muna cikin hira rana ta ɗaga, hazon ya ɗan yi sauƙi, sai ga hasumiyoyin babban masallaci sun bayyana kamar ana yaye musu lulluɓi. Yaron ya yi tsalle ya ce, "Ga ta can!" Wannan ihu kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Saboda haka shawarata ta farko ga mai niyyar irin wannan tafiya: kada ka fitar da yaro da duku-duku. Bari sai hantsi ya dubi ludayi, ya sha koko da ƙosai, jikinsa ya yi ɗumi. Kuma gara riguna marasa nauyi biyu ko uku da rigar sanyi ɗaya mai kauri, domin kafin azahar rana za ta buɗe, sai a riƙa tuɓewa ɗaya bayan ɗaya. Nan na fara sara wa Inna.

Daga Dala muka nufi Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki. Gida ne na ƙasa, irin ginin Hausawa na asali, mai kaurin bango da bakan gizo, wanda ake danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Abin da ya fara ba yaron mamaki shi ne yadda cikin soron yake da ɗumi alhali waje ana ɗari. Na ce masa aikin ginin ƙasa ke nan, yana riƙe ɗumi da sanyi, yana riƙe sanyi da bazara, ba kamar bulo da kwanon gidanmu na Bagadaza ba, wanda da hunturu firji ne, da bazara tanderu. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da makaman yaƙi, da kayan ɗakin amarya na dā, da hotunan sarakuna da na zuwan Turawa. Na lura yaro ba ya son dogon bayani. Abin da zai tsaya kusa da shi ya gwada tsawonsa, ko ya tambaya nauyinsa, shi ke shiga kansa. Ya fi minti goma a gaban ƙyauren ƙofa guda yana tambayar mutum nawa ke tura shi, amma hotunan da ni nake ɗokin nuna masa ko minti biyu bai ba su ba. Uba ya koyi haƙuri a nan: wurare biyu ko uku a yini sun isa, kuma a bar yaro ya zaɓi inda zai daɗe.

A nan ne na ba shi labarin ranar 3 ga Fabrairu 1903, ranar da sojojin Ingila suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Ya ce, "To, ganuwar ba ta hana su ba?" Na ce igwa gare su. Ya ce yana so ya ga ganuwar. Wannan buƙata ita ta fi ba ni kunya a duk tafiyar. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa, yau sai ka yi da gaske kafin ka nuna wa yaro wani yanki nata da zai yarda cewa katanga ce. Wani wuri ruwan sama ya zaizaye, wani wuri an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wuri an kafa shago ko gida a kai, wani wuri ya zama juji. Ba baƙo ne ya yi wannan ɓarna ba. Abin da igwar Bature ta bari a 1903, mu muka cinye shi da shebur da kwando. Na nuna masa wani tudu na ce ga ta. Ya dube ni irin duban da yaro ke yi wa babba in ya ga kamar ana yi masa wayo.

Marinar Ƙofar Mata ta ɗan wanke mini fuska. Masu wurin suna ƙirga tarihinta daga shekarar 1498. Yaron ya durƙusa a bakin rami yana kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka da kanwa, a ɗaga shi ya sha iska, a sake tsomawa, launin yana juyawa daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban idonsa. Wani dattijo marini, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, ya ce masa, "Ɗan samari, iska ce ke rinin, mu tsomawa kawai muke yi." Da na dubi kewaye sai na ga ramukan da aka daina aiki da su sun fi masu aiki yawa, kuma masu furfura sun fi samari. Daga irin waɗannan ramuka ne rinin Kano ya riƙa ƙetare hamada a bayan raƙuma, har Buzaye suka mai da shi rawaninsu. Ban sani ba ko jikan yaron nan zai tarar da mai tsoma hannu a ciki.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ce lalle sai na rubuta wannan labari. Bayan la'asar muka shiga kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Wanda ya san Kurmi ya san lungunanta, ƙanana ne, sun yi kama da juna, mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Na tsaya taya wata jakar fata da zan kai wa uwargida, na saki hannunsa domin in ƙirga kuɗi. Wallahi bai fi ƙiftawar ido ba. Na waiga, babu yaro.

Mai karatu, na sha zuwa wuraren gobara da haɗarin mota ɗauko labari, amma ban taɓa jin ƙafafuna sun mutu ba sai ran nan. Na shiga wannan lungu na fita wancan, ina kiran sunan da ban saba furtawa a gaban mutane ba, kunyar ɗan fari ta gudu ta bar ni. Duk labaran satar yara da na taɓa gyarawa a teburin ofis suka dawo mini lokaci guda. Na tuna fuskar Inna, na tuna uwarsa. Ga magariba ta kusa, ga sanyi ya fara saukowa, ga hazo ya sa duhu na neman shigowa da wuri.

Ina cikin wannan hali wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wata murya ta ce, "Malam, kai ne mutumin Gombe? Kwantar da hankalinka, ɗanka yana wurina." Abin da ya cece ni wata 'yar takarda ce da uwarsa ta rubuta lambata a kai, ta cusa a aljihun rigarsa ta ciki, ta ce masa in ya rasa ni ya nemi dattijo mai rumfa ya ba shi. Ni har dariya na yi mata ran da ta yi haka. Na tarar da shi zaune kan buzu a rumfar wani baduku, layi biyu kacal daga inda na tsaya, an ba shi gurasa yana ci, hawaye sun bushe a kan kaushin kumatunsa. Ashe wani mai kalangu ya bi. Na rasa bakin godiya, na ciro kuɗi. Dattijon ya ɗaure fuska ya ce, "Haba Malam, mai da kuɗinka. Ɗa na kowa ne. Amma ka ji, a Kurmi ba a sakin hannun yaro, ko da za a kai ka gaban alƙali." Na ce, "Na ji, Baba. Allah Ya saka da alheri." Duka abin bai fi minti goma sha biyar ba, amma na tsufa a cikinsu.

Daren nan yaron ya kwana da ɗan tari. Mai masaukinmu ya kawo kasko da garwashi zai ajiye mana a ɗaki, na roƙe shi ya fitar. Ko wace shekara a wannan lokaci jaridu na ɗauke da labarin iyalan da gobara ta cinye, ko hayaƙin gawayi ya shaƙe su cikin rufaffen ɗaki suna barci. Bargo biyu sun fi kasko aminci. Na shafe masa ƙafafu da leɓe da man kaɗanyar Inna, na ba shi ruwan ɗumi. Wanda yaronsa ke da asma kuwa, kada ya kuskura ya fita ba maganinsa a aljihu da abin rufe hanci, gama ƙurar nan ba ta san yaro ba. A kuma riƙa ba yara ruwa ko ba su nema ba, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa alhali iska na busar da jiki.

Rana ta biyu na bar masa zaɓi, ya ce gidan zu. Muka je wanda ake kira da sunan Audu Bako, gwamnan da ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, wanda a zamaninsa aka kafa shi. Ya ga zaki, ya ga kura wadda bai taɓa sani ba sai a tatsuniya, ya yi mamakin ashe ba ta kai girman da Inna ke ba ta ba. Hannunsa kuwa yana cikin nawa, har gumi ya haɗa mu.

A hanyarmu ta komowa, da muka iso gadar Gongola kafin Dukku, sai na ji wani abu ya soke ni. Nan ne Gombe Abba, inda Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa hedikwatar masarautarmu, kafin Turawa su mai da ita Nafaɗa a 1913, sa'an nan Gombe ta yanzu a 1919. Mun wuce ta da tafiya ban ce masa komai ba. Haka kuma labarin da na fara ba shi a Gidan Makama, a ƙasarmu ya ƙare: bayan Kano da Sakkwato sun faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'arsa, aka yi masa shahada a Bormi, kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yuli 1903. Ni da na tsallake garuruwa na kai yaro Kano, ban taɓa kai shi Bormi ba, ban ma taɓa tsayawa da shi a ƙofar fadar Gombe na ce masa ga abin da wannan gida yake nufi ba.

To, iyaye 'yan'uwana, ga inda na dosa. Mun ɗauka yawon buɗe ido al'adar Turawa ce ko ta masu kuɗi, mun kuma ɗauki fita da yaro aikin mata ne, ko abin kunya ga magidanci. Muna kai yara kasuwa su riƙe mana kaya, muna aikensu, amma ba ma kai su su gani. Alhali hutun Disamba ya faɗo daidai lokacin da babu ruwan sama, babu zafin bazara, hanya a bushe, amfanin gona ya shigo gida. In Kano ta yi nisa ko aljihu bai kai ba, ko wane gari yana da nasa: Katsina na da hasumiyar Gobarau, Zariya na da ganuwa da tsohon masallacin Juma'a, Sakkwato na da Hubbaren Shehu, Daura na da rijiyar Kusugu. Wurin da ba a kai yara, ba mai kuka ran da aka rushe shi. Ganuwar Kano ba ta zube don rashin doka ba, ta zube ne domin an yi zuriya guda da ba wanda ya riƙe hannunta ya nuna mata.

Su kuma makarantu da hukumomin da ke kula da kayan tarihi, ina roƙonsu su riƙa tunawa da ƙananan baƙi: bayani cikin Hausa mai sauƙi, wurin zama, ruwan sha, da mai jagora wanda ya iya magana da yaro.

Mun iso Bagadaza bayan isha'i. Inna na zaune tana jira, ta taɓa goshinsa, ta saurari ƙirjinsa, ta harare ni saboda tarin, amma ba ta ce komai ba. Labarin Kurmi kuwa mun yi alkawari ni da shi ba za ta ji ba, ko da yake na san maƙwabta masu karanta jarida za su kai mata kafin Juma'a. Da safe na ga ya ninke ɗaya daga cikin rigunan nan uku ya saka a leda. Na ce ina za ka kai? Ya ce tasha. Na saka hula, na riƙe hannunsa, muka tafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.